Yadda Na Kai Orla Ƙasar Kakanninta

Abin da ya fara ɗaukar idona game da ƙasar Ayilan a jikin firij na gan shi, a Dubai, ranar da na kama aiki a gidan Madam Kiyara. Ɗan hoto ne na wani fili kore shar, a tsakiyarsa akwai tudun ƙasa a zagaye kamar an ajiye awarwaro a kan darduma, itatuwa masu farin fure sun kewaye shi. Na tsaya da tsumma a hannu ina kallo. Kafin Madam ta gama nuna mini inda ake ajiye madarar jaririya, na riga na gina fada a cikin zoben nan, na sa gimbiya a taga, na taho da wani saurayi daga nesa. Ni haka nake. Littattafan soyayyar da na yi ta haya a Kano tun ina 'yar sakandare su suka mayar da ni haka, ko kujera na gani a gefen titi sai na ƙaga mata wanda ya tashi ya bar ta.

An kwana biyu da yin tafiyar, amma har yau in muka taru a falonmu na unguwar Al Qusais ranar hutu sai Zainabu 'yar Damagaram ta taɓo ni.

"Bon, Ramla, ba mu labarin ƙasar ruwan sama. Amma yau ban da ƙarin gishiri."

Hajiya Balaraba mai saro atamfa kuwa cewa ta yi, "Khalas, ki rubuta mana shi mu huta. Kullum sai kin canza wa mutumin nan launin ido."

To ga shi na rubuta, kowa ta karanta da kanta.

Orla tana da wata biyu na karɓe ta. Uwarta, Madam Kiyara, nas ce a wani asibiti, ubanta Oga Diklan injiniyan gine-gine, duka su biyun sammako suke yi. A bayana yarinyar ta girma. Da majanyina na saƙi da na taho da shi daga gida nake goya ta ina shara, ina girki, ina karatun littafina da hannu ɗaya. Ta tashi tana cin tuwo da miyar kuka, tana kirana Lala, in ta yi ɓarna kuma ta ce "ba ni ba ce" da Hausar da ta fi ta wasu 'yan Kano. Tana da shekara biyar iyayenta suka yanke shawarar komawa ƙasarsu gaba ɗaya.

Madam ta zaunar da ni a kicin. Ta ce za su nema mini bizar ziyara in raka su, in zauna ɗan lokaci har Orla ta saba da sabon gida. Raina ya yi fari. Sai ta ci gaba. Ta ce ta yi shawara da waɗanda suka san halin yara, ranar da zan dawo za a fita da Orla kallon teku, ni kuma in hau mota in tafi ba sallama. Ba waya, ba hoto, sai yarinya ta manta. Ta ce hakan ya fi sauƙi ga kowa.

Na ce to. Mai aiki a gidan mutane abin da ta iya ke nan. Amma tun daga ranar duk kayan da na ninka cikin akwati sai in ji kamar sata nake shirin yi.

A jirgi na zauna kusa da taga, Orla ta miƙe ƙafafunta a cinyata ta yi barci. Mun bar Dubai ana zafin da ke sa tabarau ya yi gumi, muka sauka Dablin a ƙarshen watan Mayu, lokacin da su suke kira farkon bazara. Da aka buɗe ƙofa iska ta shigo, sai na ji kamar an tura ni cikin firjin nan mai hoto.

A wajen duba fasfo aka raba mu, su layin 'yan ƙasa, ni layin baƙi. Jami'in da na faɗa hannunsa dogo ne mai sanyin murya, a littafi irinsa ne ke ɗago kai ya ga yarinya ya kasa ci gaba da rubutu. Wannan ya ɗago, amma tikitin komawata ya tambaya. Ya tambayi inda zan sauka, da abin da ya haɗa ni da mutanen. Ina cikin lalubo Turancin da zan amsa, sai ga Orla ta kufce wa ubanta, ta ratso ƙarƙashin igiya ta rungume ƙafata.

"Lala, fitsari."

Jami'in ya dube ta, ya dube ni, ya buga hatimi. Gaba kaɗan kuma wani kare ya tsaya a kan jakata ya ƙi gusawa. Kilishin da Hajiya Balaraba ta ba ni guzuri ne. Matar da ke riƙe da karen ta ba ni haƙuri har sau uku kafin ta jefa shi cikin kwandon shara, ba a shiga musu da nama. Yajina dai ta shinshina, ta yi atishawa, ta mayar mini.

Mun kwana biyu a Dablin a wani ƙaramin masauki na wata dattijuwa. Abu biyu ba zan manta da su ba. Na farko famfon banɗaki: ruwan zafi bakinsa daban, na sanyi daban, ɗaya ya ƙona ka ɗaya ya daskarar da kai, sai da na riƙa haɗawa a kofi kafin in yi alwala. Na biyu karin kumallo. An kawo faranti da ƙwai da wake da wani abu baƙi a yanke kamar ƙuli-ƙuli. Na kai cokali ke nan Oga Diklan ya riƙe hannun rigata.

"Ramla, ajiye wannan. Jini ne, na alade kuma."

Dattijuwar ta ji kunya ƙwarai, ta kwashe farantin duka ta dawo mini da kunun alkamarsu da zuma. Daga ranar kullum sai ta tambaye ni ko man shanu ya halatta, ko dankali ya halatta, har shayi sai da ta tambaya.

Oga Diklan ya kai mu gidan adana kayan tarihi, ya ce yana so 'yarsa ta san daga inda ta fito. Ni na zaci rawanin sarakuna zan gani. Akwai zinariya kam, manyan sarƙoƙin wuya masu faɗi kamar jinjirin wata, waɗanda aka ƙera tun kafin zuwan Annabi Isa da daɗewa, da an kai su kasuwar zinariya ta Deira da mata sun yi layi. Amma abin da ya tsayar da ni wani ƙaton curi ne fari a cikin akushin itace. Oga ya ce man shanu ne. Mutanen da can suna binne shi a fadama, wata irin fadama mai baƙar laka da ba ta barin abu ya ruɓe, wani su dawo su tone, wani kuma a manta da shi sai bayan ɗaruruwan shekaru mai haƙa ya ci karo da shi. Na tsaya ina tunanin matar da ta kaɗa wannan nonon. Ta ɓoye ne don baƙin da take jira? Mijinta ne ya tafi yaƙi ta ce sai ya dawo za a taɓa? Oga ya ce wataƙila dai mantawa ta yi. Maza ba su iya labari ba.

Shi ya fara gaya mini cewa mutanensu na da makiyaya ne. Ba su da manyan birane, ba su da sarki ɗaya da kowa ke bi, sarakuna ne barkatai kowa da 'yar ƙasarsa. Arzikin mutum shanunsa, sadaki da shanu, in ka yi wa wani rauni alƙali ya yanka maka diyya da shanu. In sarki ya ji ƙarfi kuma ya je ya koro na maƙwabcinsa. Na ce, "Oga, ashe ku Fulani ne, rana ce kawai ba ta same ku ba." Ya yi dariya har mai gadi ya leƙo.

Daga Dablin muka ɗauki mota muka nufi yamma, inda mahaifiyar Oga take. A hanya muka tsaya a wani kufai a bakin kogi, gine-ginen dutse duk rufinsu ya zube, da wata hasumiya doguwa siririya mai ƙofa can sama, sai da tsani ake shiga. Nan malaman Kirista masu zuhudu suka zauna, suna kwafar littattafai da hannu a kan fatar maraƙi, ɗalibai na zuwa musu daga ƙasashe. Mahara daga arewa sukan biyo kogin da jiragen ruwa su kwashe abin da suka samu, wani lokaci ma sarakunan ƙasar da kansu ne ke ƙone wurin. In an tafi sai malaman su sake gini su ci gaba da rubutu. Na tuna kakana na wajen uwa da tawadarsa da alƙaluman gamba. Ruwa ya sauko, irin ruwansu marar tsawa marar iska, kamar ana yi maka fesa da baki. Orla ta gaji ta ce in goya ta. Na goya ta. Ina juyowa na ga Madam ta buɗe hannuwanta tana jiran yarinyar ta zo wajenta, sai ta mayar da su cikin aljihun riga.

Kaka Nora, mahaifiyar Oga, tsohuwar malamar firamare ce, gajera, gashinta fari fat, tana magana da sauri kamar ana binta. Muna shiga ta ce za ki sha shayi. Na ce a'a na gode, don kunya. A Dubai in ka ce a'a shi ke nan ka yi wa kanka. Ita kuwa ta ce za ki sha mana. Na ce na ƙoshi. Ta ce kofi ɗaya dai. Kafin in sake buɗe baki kofi na hannuna da burodin da ta gasa. Sai na ji kamar gidan gwaggona na shiga a Gwammaja, inda baƙo ke ƙi ana matsa masa, kowa kuma ya san wasan.

Akwai ƙanin Oga a gidan, Tom, shi ke riƙe da gona, bai yi aure ba. Hajiya Balaraba, idonsa shuɗi ne, na tsaya a nan. Daren farko na riga na aurar da kaina gare shi a zuci, ya musulunta, na sa masa suna, mun haifi biyu. Da safe ya yi mini magana ta farko: in cire takalmina in sa na roba, kashin shanu ya yi yawa a hanya. Duk zamana a gidan hirarsa ba ta wuce saniyar da ke ɗingishi da ko za a yi ruwa ba, a ƙasar da kullum ake ruwa.

Sallah ma ta ba ni aiki. Rana ba ta faɗuwa sai ta ga dama, in idar da magariba agogo na nuna lokacin da a Kano an daɗe da rufe ƙofa. Kaka Nora ta gane, ta ba ni ɗakin ɗinkinta, ta hana karen gidan shiga.

Zoben hoton nan kuwa a bayan gidan yake, cikin gonarsu. Wata safiya na tafi ni kaɗai. Babu fada, babu taga. Tudun ƙasa ne da rami a bayansa, ciyawa ta rufe, itatuwan nan masu ƙaya kamar magarya sun yi fure fari har ƙasa. Duk da haka zuciyata ta buga. Na karyo reshe biyu masu kyau, na kawo gida na sa a kofin gilashi a tsakiyar teburin cin abinci, ina jiran yabo.

Tom ya shigo ya gani. Mutumin da bijimi ba ya ba shi tsoro ya tsaya a bakin ƙofa ya cire hula.

"Daga ina wannan?"

Na nuna masa. Ya ɗauki kofin da hannu biyu kamar mai ɗauke da garwashi, ya fita, na hango shi ta taga yana tafiya har zoben. Kaka Nora ta zauna tana dariya tana share ido. Ta ce ba a shigo da furen itacen nan cikin gida, ba a kuma taɓa ko tsinke a zoben. Nasu ne. Na ce su wa? Ta ce mutanen kirki, ba a kiran sunansu.

Na ce, "Kaka, mu ma ba ma kira. Mutanen ɓoye muke cewa."

"Kin yarda da su?"

"Suna cikin Alƙur'ani. Ke fa?"

"Ni malamar makaranta ce, ban yarda da su ba," in ji ta. "Amma suna nan."

Ranar ta ja ni muka koma zoben tare, tana dogara sanda. Ta ce gidan wani manomi ne fiye da shekara dubu da suka wuce, bukkoki a ciki, shinge a kan tudun, da yamma a shigo da shanu saboda mahara da kyarketai. Irinsa na nan birjik a ƙasar, tsoron mutanen ɓoye ne ya hana a nome su. Muka zauna a kan wani dutse daga waje. Can ta ce, "Kiyara ta gaya mini yadda za ki tafi."

Na gyaɗa kai.

"Wa ya raine ki, Ramla?"

Na gaya mata gwaggona ce, yayar babana. Ina da shekara uku ta je Ɗambatta ta ɗauko ni, a hannunta na yi wayo, ita ta kai ni makaranta, ita ta yi mini kayan ɗaki a aurena na farko, da auren ya mutu kuma ɗakinta na koma. Na ce a wajenmu riƙo ake kiransa, ba sai iyaye sun mutu ko sun rasa ba, zumunci ne.

Ta ajiye sandar a cinyarta ta dube ni sosai. Ta ce yaran da suka yi wasa a cikin zoben nan, da yawansu ba 'ya'yan gidan ba ne. Mutanen da haka suke yi, daga sarki har mai 'yan shanu, ka ba wani gida ɗanka ya riƙe, kai ma a ba ka na wani. Wani don ƙauna, wani da lada. Alƙalansu har sun tsara abin da za a koya wa yaro: 'yar manomi niƙa da tankaɗe da kwaɓa gari, 'yar manya ɗinki da aikin ado, maza kiwo ko hawan doki. Yarinya takan koma gida in ta kai sha huɗu, namiji ya ɗan fi haka. Ta ce waɗanda suka tashi hannu ɗaya sukan fi 'yan uwa na jini shaƙuwa, har mutuwa suna yi wa juna a fagen yaƙi. Da Turawan Ingila suka shigo ƙasar suka ga 'ya'yansu da aka ba riƙo suna tashi da harshen mutanen nan da son mutanen nan, sai da suka kafa doka suka hana.

"Kuma riƙo ba ya ƙarewa da gudu," in ji ta. "Ranar rabuwa mai riƙo yakan ba yaro kyauta ta sallama, kowa na gani. In mai riƙo ya tsufa, yaron nan wajibinsa ne ya kula da shi."

Idona ya cika. Na ce, "Kaka, ki yi mata magana."

"A'a. Surukata ce, in na sa baki ya zama ni da ita. Ke kika goyi yarinyar. Ke za ki yi."

Na kwana biyu ina juya abin. A littafi da na faɗi gabanta ina kuka, ta ɗago ni, mu rungume juna. A zahiri kuwa a wajen shanya na same ta, ana saura kwana ɗaya in tafi, tana sauri ta kwashe kaya kafin ruwa. Na kama mata ɗaya gefen zanen gado muna ninkewa.

"Madam, ina roƙon abu ɗaya. Ki bar ni in yi mata sallama."

Ba ta dube ni ba. "Mun gama wannan maganar a Dubai."

"A Dubai to kawai na ce. In ta dawo daga teku ta tarar ba na nan, za ta ce ko wani laifi ta yi. Za ta riƙa tsoron fita, kada ta dawo ta ga ke ma kin tafi."

Ta matso da gefen zanenta ta haɗa da nawa, muka tsaya dab da juna. Sai ta ce a hankali, "Kin san abin da zai faru? Za ta riƙe ki ta yi ta ihu ita ke za ta bi. A gaban uwar mijina. Kowa ya ga 'yar da na haifa ba ni ta zaɓa ba."

Ban taɓa tunanin abin ta nan ba. Shekara biyar ina ganin matar nan tana dawowa daga asibiti ƙafafu a kumbure, ta tarar 'yarta ta yi barci a bayana.

Na ce, "Za ta yi ihun, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ni uwa biyu gare ni, Madam, ban taɓa ruɗewa wacce ce wacce ba. Gwaggo nake kai wa ƙara, Innata kuwa ko muryarta na ji a waya sai in gyara zama. Ba su taɓa raba ni gida biyu ba, don ba wadda ta ɓoye mini ɗayar."

Ruwa ya fara sauka. Ta kwashi kwandon ta yi gaba, sai da ta kai ƙofar kicin ta ce, ba ta waiwayo ba, "Ba za a je teku ba gobe."

Da safe bayan an karya na zaunar da Orla na gaya mata da Hausa cewa yau zan koma Dubai, ita za ta zauna da Mama da Baba da Kaka, kuma duk ranar Juma'a za ta gan ni a waya. Na dubi Madam da na faɗi wannan, ta gyaɗa kai. Orla ta ce to ta ɗauko takalminta mu tafi. Da ta gane, abin da uwarta ta ji tsoro shi ya faru. Ta ƙanƙame wuyana, ta yi ihu har karen ya shige ƙarƙashin tebur, ubanta ya zo ɗaukarta ta cije shi.

Na ce su ƙyale ta. Na ɗauko majanyin na goya ta, ƙafafunta har gwiwata don ta yi girma da goyo. Na zaga tsakar gida da ita, muka gaida saniya mai ɗingishi, muka je bakin ƙofar gona muka dawo, har kukan ya koma ajiyar zuciya. Sannan na tsaya gaban Madam.

"Sunkuya."

"Ban iya ba, Ramla."

"Sunkuya dai, kamar mai neman abu a ƙasa. Ƙara. Yawwa."

Na zame yarinyar daga bayana na ɗora a nata, na yafa majanyin, na nuna mata yadda ake soke na sama a ƙirji, a ɗaure na ƙasa a ciki. Ya kwance sau biyu. Kaka Nora na gefe tana ba da umarni kamar ta taɓa yi, Tom ya juya baya yana duba tayar mota da ba abin da ya same ta. A na uku ya zauna. Na leƙa fuskar Orla na ce mata wannan zanen nata ne yanzu, na ba ta, amma ba ya aiki sai a bayan Mama. Ta juya fuska ta kwantar a kafaɗar uwarta, tana fushi da ni. Haka na bar su, Madam a tsaye a ɗan sunkuye, hannunta ɗaya a baya yana tallafe da nauyin.

Tom ya kai ni tashar mota. Da zan sauka ya miƙo mini burodin Kaka a naɗe cikin tawul, ya ce yana ganin za a yi ruwa. Na yi kuka daga nan har Dablin, wata tsohuwa da ke kusa da ni ta yi ta miƙo mini alewar na'ana'a ba ta tambaye ni komai ba.

Sauran kun sani. Na dawo na sami gadon haya a Al Qusais, na kama aiki a ofishin kago a Al Khabaisi, a nan na haɗu da Yusufa, mutumin Maraɗi, wanda bai taɓa karanta littafin soyayya ko ɗaya ba, ya aure ni. Juma'ar farko Orla ta ƙi zuwa waya. Ta biyu ta zo ta nuna mini haƙorinta da ke girgiɗi. Hausarta ta yi ta zubewa a hankali, yau gaisuwa ce kawai ta rage mata da zagi biyu.

Bara da na haihu, Orla da uwarta suka biyo ta Dubai. Shekararta sha huɗu, ta fi ni tsawo, wai likitar dabbobi take son zama. Ta zauna a tabarma cikin 'yan barka, Zainabu na tsokanarta da Faransanci, ta karɓi jaririyata Hafsatu ta riƙe ta kusan yini guda, ko abinci da hannu ɗaya ta ci. Da za su tafi ta tsaya gaban Yusufa, ta ce in fassara masa: in Hafsatu ta kai shekara bakwai a kawo mata ita, ita za ta riƙe.

Yusufa ya yi dariya ya ce, "Inshallah, inshallah," irin ta 'yan kago in ba su da niyya.

Orla ba ta yi dariya ba. Ta juyo ta dube ni tana jira. Na ce mata sai dai hutun makaranta, kuma ba za a ba ta baƙin abin nan na karin kumallo ba. Ta miƙo hannu muka tafa.